Jirgin ƙasa ko sitarni: wanne ya fi aminci wajen ɗaukar ɗanyen mai?

Wani direban sitarni daga Tawa, mai ɗauko mai daga Damagaram, ya aiko da tambaya. Ya ce: "Ana ta maganar layin dogon da ake shimfiɗowa daga Kano zuwa Maraɗi. A tasha wasu na cewa in jirgi ya zo shi zai riƙa ɗaukar mai, har da ɗanye, hatsarin hanya kuma ya ƙare ke nan. Wasu sun ce ina, ai a Kanada jirgin mai ya taɓa cinye gari da wuta. Wa ke da gaskiya? Kuma wace doka ke tsare irin wannan jirgin?"

Ɗan'uwa, sannu da hanya, Allah ya ƙara tsarewa. Na daɗe ina aikin kiyaye gobara a ma'ajiyar mai nan Yamai, ina kuma horar da masu lodi da direbobi irinka kan kaya masu haɗari, shi ya sa tambayarka ta shige ni. Mutanen tasha duka ba su yi ƙarya ba. In aka auna lita da lita, tafiya da tafiya, jirgi ya fi mota ƙarancin hatsari nesa ba kusa ba. Ranar da ya faɗi kuwa, ɓarnar da zai yi ta fi ƙarfin duk abin da ka taɓa gani a kan kwalta. Abin da ke sa jirgin mai ya isa lafiya shi ne a samu mai duba shi wanda ba ya cin albashin kamfanin, yana kuma da ikon cewa "yau ba za ka tashi ba". Wannan mutumin da dokar da zai riƙe a hannu, su ya kamata su riga jirgin isowa.

A yau ko ɗigon ɗanyen man Nijar ba ya hawa jirgin ƙasa. Man Agadem na jihar Difa, bututu ke kai shi matatar SORAZ inda kake lodi, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Wanda ake fitarwa waje yana bin babban bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme, a gaɓar tekun Benin, inda jirgin ruwa na farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. Layin Yamai zuwa Doso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, kilomita kusan 140, yana nan kwance ba ya jigilar kaya. Na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Daura da Katsina da Jibiya, an aza tubalinsa a Fabrairun 2021. In ya iso, a ganina esansi da gazuwal ne za su fara hawansa kafin ɗanye. Amma kada mu saki jiki. Mun ga yadda bututun Benin ya tsaya a 2024 saboda rikicin iyaka da kuma fasa shi da aka yi, kuma duk ranar da bututu ya tsaya, mai kaya wata hanya yake nema cikin gaggawa. Haka abin ya faro a Amurka. An haƙo mai a yankin Bakken na Dakota ta Arewa fiye da yadda bututu zai iya kwashewa, sai aka koma jirgi. A 2008 tarago kusan 9,500 na ɗanyen mai aka ɗauka a ƙasar duka, a 2013 sun haura 400,000. Tsofaffin taragun da aka tarar aka ci gaba da cikawa, dokar ma tsohuwar ce, wadda aka rubuta lokacin da jirgi kan ja tarago biyu ko uku na mai a tsakiyar buhunan hatsi da katako.

Yi wannan lissafin da ni. Tarago ɗaya irin nasu yana cin lita kusan 110,000, wato kamar motarka uku. Jirgi mai tarago 70 ya kwashe aikin sitarni 200 ke nan. Alherin a fili yake: an rage direba 200 masu faɗa da barci tsakanin Madawa da Ƙonni, an rage tsere da wuce juna, an rage fashewar taya da ramukan hanya da jakin da ke faɗowa kwalta da dare. Sai dai waɗannan motoci 200 yanzu an ɗaure su jela da jela, in ta gaba ta faɗi ta baya a kanta za ta hau.

Abin da ka ji na Kanada ya faru ne a daren 5 zuwa 6 ga Yulin 2013, a wani ƙaramin gari na lardin Kebek mai suna Lak-Megantik. Zan tsaya a kansa sosai, domin kai direba ne, za ka gane kowane mataki. Jirgin kamfanin Montreal, Maine & Atlantic ne, yana jan tarago 72 na man Bakken zuwa wata matata a gabashin ƙasar. Matuƙi ɗaya tal ne a ciki, don kamfanin ya samu izinin rage ma'aikata. Wajen ƙarfe 11 na dare ya tsaya a Nant, kilomita kusan 11 kafin garin, a kan gangare, a kan babban layi. Akwai layin raɓe a gefe mai ƙarfen da ke kayar da tarago in ya zame da kansa, amma kamfanin ya cika shi da taragun ajiya. Matuƙin ya ɗaura birkin hannu guda 7, ya bar injin kan jirgi ɗaya yana aiki don ya riƙa cika iska, ya tafi masauki ya kwana. Wannan injin kuwa dama yana ta hayaƙi yana tofar da mai, saboda watanni takwas kafin nan an yi masa gyaran wucin gadi da wani abu mai kama da gam, don a maida shi aiki da wuri. Kafin tsakar dare ya kama wuta. 'Yan kwana-kwana suka zo suka kashe wutar, suka kashe injin kamar yadda ƙa'idarsu ta ce. Kamfanin ya turo ma'aikacin gyaran layi wanda bai san harkar kan jirgi ba, aka duba aka ga wuta ta mutu, kowa ya watse.

A nan ne saninka na mota zai iya yaudararka. A motarka, in iska ta zube, sifirin ne ke danne birki, mota ta ƙame inda take. Jirgin kaya irin wannan ba shi da wannan sifirin. Iskar ce da kanta ke matse takalmin birki a jikin ƙafar ƙarfe. In bututun iskar ya tsinke gaba ɗaya, kowane tarago yana jin faɗuwar nan take ya kama birki da iskar da ke cikin tankinsa. In kuwa zurarewa take yi kaɗan-kaɗan, na'urar ba ta ji, birkin sai ya riƙa saki a hankali. Abin da ya faru ke nan. Da injin ya mutu babu mai cika iska, cikin kusan awa ɗaya ta zurare, nauyin duka ya koma kan birkin hannu 7. Dokar kamfanin kanta aƙalla 9 ta ce, masu bincike kuma daga baya sun auna sun ce a wannan gangaren, da wannan nauyin, ana bukatar 17 zuwa 26. Akwai gwajin da ake yi: ka saki birkin iska duka, ka ga ko na hannu kaɗai zai riƙe. Matuƙin ya yi gwajin, amma birkin iskar kan jirgin yana ɗaure, sai ya ga kamar ya riƙe.

Gab da ƙarfe ɗaya na dare jirgin ya fara mirginawa, babu fitila, babu kowa a ciki. Ya iso kwanar tsakiyar gari da gudun kilomita kusan 105 a awa. Tarago 63 suka sauka daga layi, lita kusan miliyan 6 ta zube, wuta ta bi titi ta shiga magudanan ruwa. Mutum 47 suka mutu, da yawansu suna zaune a wani wurin shaƙatawa kusa da layin. Gini kusan 40 ya ƙone, aka kwashe mutum kusan 2,000 daga gidajensu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta fitar da rahotonta a Agustan 2014, ta lissafa dalilai 18 da suka haɗu. Riƙe wannan adadin. Na san yadda ake yi a hanya: mota ta faɗi, a kama direba, magana ta ƙare. A can ma an gurfanar da matuƙin da wasu ma'aikata biyu, kotu ta wanke su a Janairun 2018. Kuskurensa gaskiya ne, amma wa ya bar shi shi kaɗai da tarago 72? Wa ya manne inji da gam, wa ya cika layin raɓe da ajiya, wa ya bar horo ya yi rauni? Rahoton ya kuma ɗora laifi kan ma'aikatar sufurin ƙasar, wadda ta san kamfanin yana da matsala amma ba ta bibiyi gyara yadda ya kamata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin kuma inshorar dala miliyan 25 kacal gare shi, cikin makonni ya durƙushe, nauyin share gari ya faɗo kan jama'a.

Sai maganar taragon kansa da abin da ke cikinsa. Samfurin da ake kira DOT-111 fatarsa ƙarfe ne mai kaurin milimita kusan 11, yawancinsu babu garkuwa a goshi, babu rigar hana zafi, bawul ɗin sama da na ƙasa a fili suke, da tarago ya kife sai su karye. Masu bincike a Amurka sun yi shekaru suna gargaɗi a kansa tun kafin wannan dare. Shi kuma man, mutane suna jin "ɗanye" sai su zaci baƙin abu ne mai kauri kamar kwalta. Wani haka yake, wani kuwa, irin na Bakken, tsinkakke ne mai gas a narke cikinsa, yana kama wuta kusan kamar esansi. An tarar takardun wannan jirgin sun rubuta shi a rukuni mafi ƙarancin haɗari, alhali ba nan yake ba. Shi ya sa nake nacewa a auna kowane lodi kafin ya tashi, kada a kwafi takardar jiya.

Dokokin da ka tambaya, yawancinsu bayan wannan gobarar aka rubuta su. Kanada ta hana matuƙi ɗaya jan kaya masu haɗari, ta tsananta ƙa'idar ajiye jirgi ba mai gadi, ta hana ɗaukar ɗanyen mai a tsohon DOT-111 daga Nuwamban 2016, ta kuma sa inshorar dole da ke kaiwa dala biliyan ɗaya ga kamfanin da ke jigila mai yawa. A Mayun 2015 Amurka da Kanada suka fito da sabon tarago, DOT-117: kauri milimita kusan 14, garkuwa a goshi daga sama har ƙasa, rigar hana zafi, da kariya ga bawul. Amurka ta ce jirgin da ke jan tarago 20 a jere na ruwa mai kama wuta, ko 35 a warwatse, kada ya wuce kilomita 80 a awa, a wasu manyan birane kuma 64 in akwai tsohon tarago a cikinsa. Dokar ta tilasta wa kamfani ya nazarci hanyar da ta fi ƙarancin haɗari, hukumomin jihohi kuma a sanar da su abin da ke ratsa su. Ta kuma ƙunshi birki mai aiki da lantarki, wanda ke kama dukan taragu lokaci ɗaya maimakon saƙon iska ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni suka ce ya yi tsada, a 2018 aka soke wannan sashen. Abin ya dame ni, domin ya nuna cewa ko dokar da aka saya da rayuka, in mutane sun manta, ana iya janye ta.

Tarago mai ƙarfi ma ba ya rufe laifin layi. A Mount Carbon na jihar West Virginia ta Amurka, a Fabrairun 2015, karyewar ƙarfen layi ce ta kayar da jirgin mai, a Mosier na Oregon kuma, a Yunin 2016, ƙusoshin da ke riƙe layin ne suka kakkarye. Mu namu abokan gāban layi mun san su. A watan Afrilu zafi yana kai digiri 45 a inuwa, ƙarfen da ya wuni a rana ya fi haka sosai, yana miƙewa, in ba a ɗaure shi daidai ba sai ya lanƙwashe kamar maciji. Rairayi yana binne layi. Da damina ƙorama ɗaya tana iya kwashe tsakuwar ƙarƙashinsa cikin dare, ƙarfen ya rage a rataye, daga nesa kuma lafiya lau za ka gan shi. Dokar da za ta yi mana aiki sai ta ce wa zai taka layin da ƙafa bayan kowane babban ruwa, da kuma zafin da in an kai shi dole a rage gudu.

Akwai abu biyu da suka fi tayar mini da hankali, kuma dokokin Turawa ba su yi dogon tunani a kansu ba. Na farko iyaka. Jirgin Kano zuwa Maraɗi ƙasa biyu zai ratsa, duwan biyu, doka biyu. Kai ka san kwana nawa mota kan yi tana jiran takarda, ka kuma ga abin da ya faru da aka rufe iyakoki a 2023. To, jirgi cike da mai, a tsaye, cikin rana, matuƙi ya gaji ya tafi neman abinci: wannan shi ne Nant ɗinmu. Dole ƙasashen biyu su yarda tun yanzu a kan inda za a tsayar da shi, a shimfiɗaɗɗen wuri nesa da gidaje, da ƙarfen kayarwa, da mai gadi, da adadin birkin hannu a rubuce.

Na biyu mutanenmu. A daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019, a farkon azumi, sitarni ta kife nan Yamai kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, daidai bakin layin dogon nan da ba ya aiki. Jama'a suka fito da bido da bokiti. Shaidu sun ce wani ya matso da babur injinsa na aiki. Fiye da mutum 55 suka mutu nan take, wasu suka cika a asibiti daga baya. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, fiye da 150. A jirgin ƙasa ma an taɓa yi a Afirka: unguwar Nsam ta Yawunde, 14 ga Fabrairun 1998, taragun mai suka fashe, mutane suka taru ɗiba, wuta ta tashi ta kashe fiye da 100. Ba na zagin wanda ya fita da bido, na san abin da lita 20 take nufi a gidan da ba a ɗora tukunya ba. Amma mota ɗaya ce ta yi mana abin da ta yi a 2019. Layin dogo kuwa ta cikin gari yake bi, kuma duk inda ya bi rumfuna da masu tuya da masu shayi suna matsowa jikinsa. Filin da aka ware gefen layi, in ba a tsare shi tun yana fili ba, ranar da aka zo tashin mutane rigima ce. Ma'ajiyar mai da tashar lodi kuma a kai su bayan gari, a hana gari ya bi su. 'Yan kwana-kwanan Maraɗi da na kowane gari a kan layin su samu kumfar kashe wutar mai da horon amfani da ita kafin tarago na farko, domin ruwa zalla ɗaukar man yake yi ya yaɗa shi.

Na ce mai dubawa ya zama ba ya cin albashin kamfani, ga dalilina. Na taɓa zuwa duba wata ma'ajiya ranar Talata, na tarar takardar binciken kullum an sa mata hannu har zuwa Asabar. Wayar da ake maƙala wa mota don ta sauke lantarkin jikinta a ƙasa kafin lodi ta tsinke, an ɗaure ta da roba. Yaron da ya cika takardar ba mugu ba ne, motoci ne a layi, maigida yana waya, kuma bai taɓa ganin an tsayar da lodi saboda waya ɗaya ba. Na tsayar, aka yi ta kira ana ba ni haƙuri, aka gyara cikin awa biyu. Da a ƙarƙashin mai ma'ajiyar nake, da ban iya ba. Jirgin ƙasa haka yake bukata: hukuma mai duba tarago da layi da lokacin hutun matuƙi, da wata dabam mai binciken hatsari ta buga rahotonta kowa ya karanta, har da Hausa.

Kai kuma aikinka ba zai ƙare ba. Layin ba ya zuwa Tawa, ba ya zuwa Abalak ko Agadas, kome jirgi ya kawo sai an juye shi a mota. Wurin juyewar nan, daga tarago zuwa tanki, daga tanki zuwa sitarni, nan tururi ya fi taruwa, kuma nan za ka tsaya. Kashe inji, maƙala wayar ƙasa da hannunka, ka duba ba a ɗaure take da roba ba. Koya wa karen motarka karanta allon nan mai ruwan lemo: 1203 esansi ne, 1202 gazuwal, 1267 ɗanyen mai. Ka faɗa masa tururin ne ke kamawa tun kafin ruwan, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya gangara rami da kwalbati, ya je ya samu murhun mai shayi can nesa, wutar ta biyo shi ta dawo. In mai ya zube, ku koma ɓangaren da iska ke fitowa, ku hau tudu, kada a tada babur, kada a kunna ashana. In tanki ya riga ya kama wuta, littafin agajin gaggawa da ake aiki da shi a Amurka da Kanada mita 800 ya ce a ja da baya ta kowane gefe, domin tankin da wuta ke gasawa yana iya tsagewa bayan kowa ya zaci abin ya lafa. Daga can nesa za ka kira 'yan kwana-kwana a 18, ka faɗa musu lambar da ke kan allon da inda iska ta dosa, sannan ka sa mutum biyu su tare hanya gaba da baya.